Rim Huɗu a Tanderun Burodi

Karatuna na boko bai yi nisa ba. A aji huɗu na tsaya, kuma ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba. Na lura malaminmu ya ƙarar da abin da ya sani, na ga bai kamata in zauna ina ba shi kunya ba. Amma akwai fanni guda da ba na jin wani ya fi ni, daga Birnin Gwari har bakin dajin Kamuku, wato ilimin fentin gari, fentin nan mai kama da hoda, musamman ɓangaren yadda ba a yin sa. A kan taubashina na koye shi. Shi ya sha wuya, ni na kwashi ilimi, kuma haka Allah ya tsara tsakanin ɗan namiji da ɗan mace.

Uwarsa ƙanwar ubana ce, saboda haka a al'ada bawana ne, ko da yake tun muna tsere a gindin tsamiya yake musun wannan magana. Direba ne. Yana da wata tsohuwar mota mai dogon baya, wadda ya yi shekaru yana jigilar mutane da buhuna da ita tsakanin gari da ƙauyuka. Da hanya ta lalace a shekarun nan da kowa ya sani, ba sai na faɗa ba, ya kai ta bayan gida ya ɗora a kan duwatsu, ya lulluɓe ta da tamfol. A cikin shekarun ne matarsa ta rasu, Allah ya jiƙanta, 'ya'yansa kuma suka watse Kaduna da Zariya. Aka bar shi da motar, kowa na tsatsa a gefensa. Kaji suka mai da kujerar baya wurin saka ƙwai.

Da aka ɗan samu sauƙi motoci suka fara fita, ya yaye tamfol. Makaniki ya tashi inji, mai fenti ya fesa mata shuɗi a jiki. Na ɗauka neman abinci ne ya motsa shi. Ashe wani abu ne daban.

A bayan kasuwa akwai gidan burodi na wata Hajiya, bazawara. Mijinta ya rasu ya bar mata tanderu, ta riƙe shi ba wasa, har masu shayin garin nan ba su san wani burodi ba sai nata. Mace ce mai ƙarancin dariya da yawan lura. In ta dube ka sau ɗaya, ta san wace rigarka ce ta aro. Taubashina, wanda asibiti suka hana cin burodi, sai ga shi kullum da yamma yana dawowa da manya biyu a hammata. Da yake ba ya ci, ni nake taimaka masa. Tun kafin ya buɗe baki na san ya kamu, domin a wuyana alamar ta fara fita.

Magana ta yi nisa har Hajiya ta ce masa ya je ya gai da yayanta, wanda yake noma a wani ƙauye ta wajen Randagi, shi ne ya rage mata a matsayin uba. Aka aika, aka sa rana bayan an fara girbi. Ni aka naɗa wakili, tunda bawa ba ya neman aure sai da ubangidansa. Kowa ya san ta wajen nan da babur ake zuwa, amma taubashina ya rantse shi direba ne, ba za a gan shi a bayan wani yana riƙe da hula ba.

Ana cikin haka wata rana ya ajiye motar a ƙofar gidan burodi, da sabon shuɗinta. Hajiya ta fito ta zagaya ta a hankali, hannu a baya, kamar mai sayen saniya.

"Malam direba, jiki ya yi kyau," in ji ta. "Sai dai ƙafafun nan. Kamar na wanda ya yini a fadama, duk faso."

Ta koma ciki abinta. Ni na san zolaya ce. Amma tsoho in yana so, zolaya umarni ce a kunnensa. Ya tsuguna yana kallon rim ɗinsa, wato ƙarfen nan da taya ke zama a kai, duk huɗun sun yi ja da tsatsa, ya yi ta girgiza kai kamar an yi masa rasuwa.

To akwai wani mai walda a bakin titi, magidanci mai kirki, mai ƙera ƙofofi da tagogi. Ya je Kaduna ya dawo da wata bindigar feshi da kwalaye, ya cika gari da labarin sabon fenti. Can muka nufa.

"Baba, wannan ba irin fentin gwangwani ba ne," in ji shi. "Ba ruwa a cikinsa. Gari ne, kamar hodar mata. Bindigar tana sa masa lantarki, sai ya manne wa ƙarfe kamar yadda ƙaiƙayi ke manne wa rigar leda. Daga nan sai a sa a tanderu a gasa. Ya narke, ya zama kamar tangaran. Ko jikanka ba zai ga ƙarshensa ba."

"Madalla," in ji taubashina. "Ina tanderun?"

Mai walda ya sosa ƙeya, ya nuna mana wani akwatin ƙarfe da bai da ƙofa bai da rufi, da akuya kwance a ciki tana tuƙa.

"Shi ne bai ƙarasa ba tukuna, Baba."

Na ce mu tafi mu sayi fentin gwangwani da buroshi kamar 'ya'yan Musulmi. Taubashina bai ji ni ba. Idonsa ya riga ya tafi bayan kasuwa. A garin nan kowa ya san in Sallar Layya ta zo, ko ana wani biki, akan kai nama gidan burodi. In an kwashe burodi tanderu na nan da zafinsa, sai a jera cinyoyi da kaji a cikin tire, a dawo a tarar sun yi jawur. Tun muna samari haka ake yi.

"Tanderun da ya gasa cinyar sa," in ji shi, "rim ne zai gagare shi?"

Na dube shi na ce, "Bawana, ita cinyar sa ba ta taɓa zuwa Funtuwa da giris a jikinta ba."

"Ɗan kawu, kai dai aji huɗu ya cuce ka. Da ba ka shiga ba gaba ɗaya, da ka fi haka hankali."

Muka je wurin Hajiya mu uku. A nan dole in yi wa taubashina adalci, ba a ɓoye mata komai ba. Ta saurara har ƙarshe, ta juya wajen mai walda.

"Zai yi wari?"

"Wallahi Hajiya, duk bidiyon da na kalla a waya, ban ji wari ba."

Ta juya ta dubi tanderunta. Na san abin da take aunawa. Daga hantsi har la'asar tanderun nan zafinsa a banza yake tafiya, ga itace ya yi wuya tunda shiga daji ba kamar da ba. In abin ya yiwu, ga ƙofofi da tagogin mai walda, ga sabuwar sana'a. Hajiya ba ta ganin zafi na tafiya a banza ta yi barci.

"Ku kawo bayan an kwashe na safe," in ji ta. "Amma Malam direba, tanderun nan shi ne uwata shi ne ubana."

"Hajiya, a wuyana."

Yanzu sai mai karatu ya gyara zama, domin a nan darasi ya fara.

Abu na farko, ƙarfen da za a yi wa fentin gari sai an kankare shi tas, ya koma fari kamar ranar da aka ƙera shi, ba tsatsa, ba tsohon fenti, ba ɗigon mai. Mai faci ya cire mana tayoyi, muka zauna a inuwar gidan taubashina da samfefa da toka da sabulu. Na ce muka, amma ni aikina duba aiki ne. Ya goge na farko da kyau. Na biyu ma ba laifi. A na uku bayansa ya fara magana. Ya ɗan shafa fuskar na ukun, ya shafa ta na huɗu, giris na shekara da shekaru yana nan daskare a lungunansu.

"Fenti ai sutura ne," in ji shi. "Da komai fes yake, me za a rufe?"

Abu na biyu ya fi na farko girma, kuma shi ne ya kusa cin auren. A tsakiyar rim akwai ramuka inda ake ɗaure noti, a bayansa kuma akwai fuskar da ke manne wa ƙafar mota. Mai walda ya ce a bidiyo ya ga ana toshe ramukan nan da wasu 'yan robobi, ana liƙe bayan da takarda kafin a fesa.

"Don me?" in ji taubashina.

"Ina jin don kada gari ya ƙare ne, Baba. Ka san mutanen waje da rowa."

"Mu ba marowata ba ne. Fesa ko'ina, har ramukan, har bayan. Ka ƙara masa kauri. Hajiya mace ce mai leƙe."

Ni ma na gyaɗa kai, domin maganar ta yi kama da hankali. Aka tashi janareto, aka rataye rim a waya, mai walda ya fesa. Ruwan zinariya taubashina ya zaɓa. Na ce baƙi ya fi dacewa da shekarunsa, ya ce ba makoki za shi ba.

Abu na uku ba wanda ya gaya mana, a hanya muka gano shi. Garin nan kafin a gasa shi zaune kawai yake a kan ƙarfe, ko atishawa ka yi sai ya tashi. Daga shagon mai walda zuwa gidan burodi kuma sai an ratsa gefen kasuwa. Muka zura rodi a tsakiyar kowane rim, mutum biyu suna ɗauke da shi a hankali, kamar masu kai mara lafiya. A gefen kasuwa injin sussukar masara yana aiki, iska ta kwaso dusa ta yayyafa wa na farko. A na biyu wani dattijo ya miƙo wa taubashina hannu. Ba a ƙin hannun dattijo, ya saki rodi da dama ya miƙa, hannun babbar rigarsa ya share gefe guda fes. Aka koma aka sake fesawa. A na uku wani mai sayar da goro ya dangwala yatsa ya kai hanci, ya ce, "Kurkum ne?" Wannan ba a koma ba, rana ta yi. Yatsan mai goro na nan a jikin rim ɗin har yau, duk wanda ya san shi zai gane.

A bakin tanderu mai walda ya duba waya ya faɗi wata lamba, ya ce zafin da ake so ke nan.

"Tanderuna bai san lamba ba," in ji Hajiya.

Ta ɗebi garin fulawa ta watsa a ƙasan tanderu, ta tsaya tana kallon yadda yake canza launi. Da haka take sanin zafin burodi. Ta ce, "In burodi ne, yanzu ake sawa." Ba wanda ya san ko rim burodi ne, sai aka sa. Aka jera bulo, aka ɗora su a kai, aka rufe ƙofa.

Da farko shiru. Can sai wani hayaƙi shuɗi-shuɗi ya fara leƙowa ta gefen ƙofa. Tsohon giris ɗin nan ne ya ji wuta ya farka. Bayansa wani wari ya biyo, irin na ranar da yara suka ƙona taya a juji. Ashe a rim guda an manta da ɗan robar nan da ake buga iska ta cikinsa. Hajiya ta ja mayafi ta toshe hanci, ta dubi mai walda.

"A bidiyo ban da wannan," in ji shi da ƙaramar murya.

Da aka fito da su, gaskiya biyun da aka goge sun yi kyau. Sheƙi suke kamar ɗan kunnen amarya, ko dusar masarar sai ka matso za ka gani. Na uku ya fito da ƙuraje kamar fuskar saurayi, domin man da ke ƙarƙashi ya tafasa ya huda fenti. Na huɗu, wanda ya fi kusa da garwashi, gefe guda ya yi duhu kamar ƙosan da aka manta a kasko. Taubashina bai karaya ba. Ya ce masu kyau biyun a sa su a gefen fasinja, marasa kyau a gefen direba, shi ke nan sai ya riƙa ajiye mota ta fuska ɗaya.

Washegari da safe na je shan shayi. Na tarar a teburin mai shayi kowa riƙe da yankan burodi yana shinshina. Wani ɗan acaɓa ya ce, "Burodin yau in ka ci sai ka ji kana son a buga maka iska." Kafin hantsi masu shayi sun fara mayar da kaya bayan kasuwa a baro. Kafin azahar an raɗa masa suna, burodi mai taya. Mutanen garin nan in sun raɗa suna, ko liman ba ya warwarewa.

Hajiya ta aiko a kira mu. Da ta yi faɗa da ya fi mana sauƙi. Tana zaune a kan benci, burodin da aka dawo da shi jibge a bayanta kamar katanga.

"Malam direba, ka ce a wuyanka."

"Na faɗa, Hajiya."

"To ga wuyan, ga tanderu. Man nan ya ɗiga a ƙasa, ya shiga bulo. Sai an kankare."

Ya ce zai kawo leburori. Ta ce leburori ba su yi mata alkawari ba. Da tanderu ya huce, taubashina ya tuɓe babbar riga, ya ɗauki magirbi, ya rarrafa ciki. Ƙafafunsa kaɗai ake gani a waje. Ni na zauna a bakin ƙofa ina ba shi ƙarfin gwiwa, ina tuna masa cewa da akwai sauran zafi kaɗan a ciki, da shi ma ya fito da sheƙi. Abin da ya mayar mini daga ciki ba zai rubutu ba. Da ya gama aka yi ta ƙona itace a tanderu ba burodi, har wari ya fita, itacen ma shi ya nemo.

Amma Hajiya ba ta sake fuska ba. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta zancen ranar da aka sa.

"An riga an aika wa Yaya," in ji ta. "Ba zan mai da shi ƙaramin mutum ba. Ku je. Abin da ya ce, shi ke nan. Ni na cire bakina."

Bazawara ita ke da bakinta a zancen aurenta, kowa ya sani. In ta ce ta cire shi, to ƙofa ce ta janyo, saura ta sa sakata. A hanyar gida taubashina bai tanka mini ba ko sau ɗaya, har na tsokane shi da bawana bai musa ba. Nan na san abin ya kai inda ya kai. Mutumin nan ya gaji da cin tuwon maƙwabta shi kaɗai a zaure.

Aka kai rim wurin mai faci ya mayar da tayoyi. Da aka zo ɗaurawa suka ƙi shiga mazauninsu, domin fenti ya cike ramin tsakiya. Aka sa guntun katako aka doka da guduma har suka shiga. Mai faci ya hau kan sifana da ƙafa biyu ya ɗaure noti, ya ce ko giwa ba ta kwance su. Abin da dukkanmu ba mu sani ba, sai daga baya na fahimta kuma nake koyar da shi kyauta, shi ne notin nan ba ƙarfe ya kama ba, fenti ya kama. In birki ya yi zafi, hanya ta jijjiga, fentin sai ya murƙushe ya zube, noti ya samu sarari. Noti kuwa in ya samu sarari, kamar ɗan zamani ne, ba ya zama gida.

Ranar tafiya Hajiya ba ta fito ba. Ta dai aiko da burodi a leda, na sabon gashi, a kai wa Yaya. Muka sa goro da alewa a baya, muka kama hanya da hantsi, taubashina cikin farar shadda, motar tana walƙiya ta gefe guda.

Kan kwalta lafiya lau. Da muka sauka hanyar ƙasa, damina ta bar mata ramuka da kwazazzabai, dawa ta yi kai a dama da hagu, mota ta shiga rawa. 'Yan babur suna wuce mu suna waiwaye. Can na fara jin wani ƙwas-ƙwas a ƙarƙashina.

"Bawana, ka ji?"

"Ƙwaryar goro ce."

"Goron a leda yake."

"To haƙoranka ne. Ɗan kawu, shekarata nawa ina tuƙi? Mota in tana da magana ni take gaya wa."

Ƙwas-ƙwas ya zama ƙwaram-ƙwaram. Sitiyari ya fara kaɗawa a hannunsa kamar mai tankaɗe. Amma ga rumbunan ƙauyen sun bayyana, ga wata babbar ɗorawa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun jeru suna jiranmu. Hanyar ta ɗan gangara zuwa wurinsu. Taubashina ya karkata mota don gefen fasinja ya fuskance su, ya taka birki a hankali, irin na manya.

Sai na ji gefena ya nutse. Motar ta durƙusa kamar raƙumi, ta ja ƙasa da wata ƙara, ta tsaya. Tayar gaba kuwa ba ta ga dalilin tsayawa ba. Ta ci gaba ita kaɗai, tana sheƙi a rana, ta nufi tabarmi.

Kada a ga laifin dattawan nan. Shekarun da aka wuce sun koya wa kowa cewa in ka ji ƙara, ka fara tashi, tambaya daga baya. Kafin ƙiftawa tabarmi sun zama fayau. Wani ya bar takalmi, wani ya bar carbi. Maƙwabcin gidan, wani dattijon coci da aka gayyato don mutunci, shi da aka ce gwiwa ta hana shi zuwa gona, shi ya fara kai wa bayan rumbu. Taya ta ratsa tsakiyar tabarmi, ta ture buta, ta daki gindin ɗorawa, ta dawo baya tana lilo kamar faranti, ta kwanta. Mutum ɗaya ne bai motsa ba, yayan Hajiya. Daga baya ya ce ba jarumta ba ce, ƙafarsa ce ta yi barci.

A cikin mota taubashina ya riƙe sitiyari, gumi yana bin shaddarsa.

"Ɗan kawu, ka rufa mini asiri. Ka ce ramin hanya ne."

"Wa kake kira?"

Ya rage murya. "Ubangidana."

Tun muna yara nake jiran kalmar nan. Na sa ta a aljihu, muka fito.

Aka dawo ɗaya bayan ɗaya, ana kakkaɓe riguna, kowa yana cewa shi dama alwala ya tafi. Aka gaisa, aka tambayi hanya, muka ce hanya lafiya. Na ajiye goro da alewa da burodi. Yayan Hajiya, wani siririn tsoho mai ƙananan idanu irin nata, bai dubi goro ba. Tayar yake kallo.

"Malam," ya ce da ni, "ka ga ta riga ku sallama. Kafin mu shiga abin da ya kawo ku, wa ya yi wa ƙafar mota kwalliyar zinariya, kuma don me?"

Na dubi taubashina, idonsa yana roƙona. Na dubi tayar, garin fenti na zuba daga ramukan noti. Na ga ƙaryar da za ta rufe wannan abu sai ta fi tamfol faɗi, ni kuma aji huɗu ban kai nan ba. Sai na gyara murya na faɗi komai. Na faɗi maganar faso, da bindiga, da yatsan mai goro, da burodi mai taya, da yadda mutumin nan ya shiga tanderu da rarrafe. Ban rage ba, wataƙila ma na ɗan ƙara. Taubashina ya sunkuyar da kai yana mintsinina ta ƙarƙashin riga.

Dattawa suna ta dariya, har dattijon coci ya riƙe gwiwar da ta warke. Yaya bai yi ba. Ya jawo ledar burodi ya kwance, ya ɓalli gefe, ya shinshina, ya tauna a hankali. 

"Ka ce ita da kanta ta yarda aka sa ƙarfe a tanderunta?"

"Ita da kanta."

"Ya ɓata mata kasuwa, kuma ba ta aiko a ce kada ku zo ba?"

"Cewa ta yi ta cire bakinta."

"Ta cire bakinta, ta aiko da burodi." Sai yanzu dariya ta kama shi, har da tari. "Yarinyar nan tun tana tallan gyaɗa, in ka zubar mata da ƙwaya ɗaya ba ta sake yi maka magana sai kaka ta zagayo. Ni ta taɓa yi mini gaba a kan ludayi. Malam direba, ɗago kanka. Mutumin da ya shiga tanderu saboda ita, ni me zan ƙara masa? Na ba ka. Amma ƙanwata ba za ta shiga motar nan ba sai kowace ƙafa ta yarda za ta tafi tare da 'yan'uwanta."

Aka yi fatiha, aka raba goro. Da aka duba sauran ƙafafun uku, notinsu da yatsa ake juya su. Motar a can ta zauna, sai da mai faci ya je da wuƙa da samfefa ya kankare ramuka da bayan kowane rim har ƙarfe ya fito. Mu kuwa a babur muka dawo, taubashina a bayan wani, yana riƙe da hula.

Bayan la'asar na je bayan kasuwa ni kaɗai, shi ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Na tarar da Hajiya tana duba kwaɓi. Ba ta ɗago ba.

"Kun dawo?"

"Mun dawo, Hajiya."

"Me Yaya ya ce?"

"Ya bayar."

Hannunta ya tsaya. "Da ya ga motar?"

"Bai jira ya gan ta duka ba. Ƙafa guda ce ta je ta gaishe shi har kan tabarma, mu muna baya."

Na ba ta labari. Da na kai wurin dattijon coci ta juya mini baya, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Na yi kamar ina kallon itace. Da ta juyo fuskarta ta koma yadda take kullum, sai dai idon ya jiƙe.

"To, tunda Yaya ya ce." Ta ci gaba da kwaɓi. "Ka gaya wa bawanka, ranar ɗaurin aure ya zo da ƙafa."

Da ƙafa ya je. Ni ina bayansa har ƙofar masallaci, ina dubawa ko wani abu zai kwance.